Sulaid Ɗin Ƙanena Yana Haske, Nawa Ya Ƙi

Assalamu alaikum jama'ar wannan guruf. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, akwai 'yan garinmu a nan, ina ganin kwament ɗinsu. Don Allah ku ba ni shawara, kuma tun kafin wani ya riga ni faɗa, eh na sani, akwai kishi a cikin maganar nan, kishi mai yawa ma, ba sai an tuna mini ba. Abin da na kasa ganewa shi ne ko kishin nan ya isa ya sa in yi shiru a kan abin da na gani da idona.

Ni mutumin Gummi ne, ina digiri na biyu a fannin ilimin tsirrai a wata jami'a da ba zan ambata ba. Muna tare da ɗan kawuna, bari in kira shi Bashar duk da ba sunansa ke nan ba. Mahaifinsa ƙanen Innarmu ne, ya rasu Bashar yana rarrafe, Inna ta ɗauko shi ta raina. A asali taubashina ne, amma a gida ƙanena ake cewa. Ni kuwa ɗan fari ne, kuma duk wanda ya san wajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba, saboda kunya. Idan tana nemana sai ta ce wa ƙanwata "kira na shago", don a shagon ƙofar gida nake kwana. Ba ta zama hira da ni, ba ta tambayata karatu, in na yi rashin lafiya ta bakin wani take jin ya jiki. Bashar kuwa, tabɗi! Bashar ka ci abinci, Bashar rigarka ta yi dauɗa kawo, Bashar ga fura na dama maka. Na san al'ada ce, na san maraya ne, na san ba ƙina take yi ba, duk na sani. Amma wallahi sanin bai taɓa hana abin ya yi mini ciwo ba.

Tunanin aikin da muke yi nawa ne, wannan ko shi ba zai musa ba. Akwai kududdufai ta wajen Bukkuyum inda masu haƙar zinari suke wanke ƙasa, da damina ruwan yana gangarowa wuraren da mutane ke noma, sai na ce bari in gwada ko ruwan yana yi wa ƙwayoyin halittar tsiro illa. Lokacin Bashar bai da abin da zai yi bincike a kai, yawo kawai yake tsakanin ofisoshi. Inna ta aiko ƙanwata ta ce a ce wa na shago ya riƙe hannun ƙanensa. Ni na kai shi gaban malamin da ke duba aikina, na roƙa a haɗa mu. Malam ya ce hakan ma ya fi, mu ɗebo ruwa ɗaya amma kowa ya yi gwajinsa daban, sakamakon wannan ya ƙarfafa na wancan.

Ga waɗanda ba fanninsu ba ne, aikin ba wani abin tsoro ba ne. Albasa ake ɗorawa a bakin kwalba mai ruwan da ake son gwadawa, gindinta yana taɓa ruwan, bayan 'yan kwanaki ta fitar da fararen saiwoyi. Sai a yanke kan saiwar a jefa cikin ruwan maganin da zai hana ta lalacewa, a kai lab, wato ɗakin gwaji, a murje ta a kan ɗan gilashin da muke kira sulaid, a ɗiga mata wani rini. Rinin nan aikinsa ya manne wa DNA, wato zaren gadon da ke tsakiyar kowace ƙwayar halitta. Idan aka kashe fitilar ɗaki aka kunna wata fitila ta musamman da ke jikin maikuroskof, na'urar ganin ƙananan abubuwa, duk inda DNA yake sai ya ba da haske shuɗi. Lafiyayyar ƙwaya dunƙule ɗaya za ka gani a tsakiya, tsaf. Idan ruwan ya yi mata illa sai ka ga ƙananan ɗigo-ɗigo masu haske a gefe, alamar DNA ɗin ya tsattsage.

Da yake ruwan kusa da gida yake, makaranta kuma da nisa, sai muka riƙa dasa albasar a Gummi, saiwar kawai muke tafiya da ita. Tare muke hawa babur mu je ɗebo ruwan, kun dai san halin da hanyoyin can suke ciki, mutum yana tafe yana addu'a yana waige, jarka ɗaya muke cikowa mu raba. Ni nawa kwalaben a shago nake jerawa, da kaina nake ɗauraye su da tataccen ruwan da nake kawowa daga lab, yadda aka koya mana. Shi kuwa nasa a rumfar Inna suke, kusa da randa, wai can ya fi sanyi.

Ranar da muka fara dubawa, nawa sulaid ɗin babu komai. Dunƙule ɗaya a tsakiya, nan da can ɗan abin da ba a rasa ba, shi ke nan. Da aka ɗora na Bashar sai da Malam ya miƙe tsaye. Haske ko'ina, ɗigo-ɗigo birjik kamar an watsa gero a tabarma, har gefen ƙwayoyin yana ƙyalli. Malam ya kira wasu malamai biyu suka leƙa, kowa sai ya ɗago ya ce kai! Aka kwatanta da albasar da Bashar ya dasa a ruwa mai tsabta, wadda ya yi a makaranta cikin kwalaben lab, ita ba ta nuna komai ba. Aka ce to magana ta ƙare, ruwan ne. Ni kuma aka juyo kaina, Malam ya ce hannuna ne bai faɗa ba, wataƙila ina wanke rinin da yawa ko ina barin sulaid a haske ya dusashe. A gaban 'yan digiri na farko ya ce in zauna kusa da ƙanena in koyi aiki. Ni da na koya wa Bashar yadda ake riƙe reza!

Na sake, na sake, abu ɗaya. Shi kuwa duk zuwa sai ya fi na baya kyau. Yanzu maganar da nake muku Malam ya sa sunansa zai gabatar da aikin a wani babban taro, kuma akwai maganar gurbin digiri na uku a waje da ake cewa hotunan nan ne za su buɗe masa ƙofa. A Gummi har an fara kiransa Furofesa a majalisa. Ya sa hoton shuɗin nan a fuskar wayarsa, Inna ta sa ya tura wa ƙanwata, duk matar da ta shigo gidan sai an nuna mata, ita da ba ta san mene ne a ciki ba, cewa take taurari ne Bashar ya gano a cikin albasa. Ina shago ina jin su. Akwai ranar da wani dattijon unguwarmu ya tare ni ya ce, kai kuma yaushe za ka gano naka? Na yi dariya, amma ranar ko tuwo ban iya ci ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, na kai matsayin da in na ji muryarsa a waya yana dariya sai in ji raina ya ɓaci haka kawai.

To ga yadda abin ya fito. Wata Juma'a na wuce lab daga masallaci da farin kaftanina, na shiga ɗakin duhun, ina gyara fitilar sai haskenta ya ɗan zubo a hannun rigata. Hannun rigar ya ɗauki shuɗi, irin shuɗin nan sak na hotunan Bashar. Na tsaya ina kallo kamar wawa. Rigata dai ba DNA a jikinta, ba kuma wanda ya ɗiga mata rini, wanki kawai aka yi mata. Nan take na tuna wani abu da na gani a gida ban ba shi muhimmanci ba: Inna zaune a kujera 'yar tsugunne da baho a gabanta, ta jiƙa kwalaben Bashar cikin kumfar garin sabulun wanki, irin mai sa farin kaya ƙyalli, tana dirza su ɗaya bayan ɗaya tana faɗa wai ɗanta ba zai yi aikin jami'a da kwalba mai dauɗa ba. Ta ɗauraye sama-sama, don ruwa saye ake yi, ta goge cikinsu da farin ƙyalle ta kife a rana. Duk zuwanmu haka take masa, shi yana can yana shan fura.

Na je na karanta, ashe abin sananne ne. Irin wannan sabulun ana zuba masa wani sinadari da ke kama zaren auduga ya sa shi haske, kuma bangon ƙwayar tsiro da auduga kusan abu ɗaya ne, don haka yana kama shi ma, ya ba da shuɗi a ƙarƙashin fitilar da muke amfani da ita. Idan aka murje saiwa bangon ya farfashe, gutsattsarin sai su yi kama da ɗigon da muke nema. Ban tsaya a karatu ba. Na sayi sabulun na wanke kwalba yadda Inna take yi, na zuba tataccen ruwa wanda bai taɓa ganin zinari ba, na dasa albasa. Saiwar ta haska. Sannan na ɗauki ɗan guntun saiwar Bashar daga firjin da muke ajiya tare, na murje, ban ɗiga mata rini ko kaɗan ba, na ɗora. Jama'a, ta haska, ɗigo-ɗigon nan suna nan yadda suke, tsakiyar ƙwayar ce kawai ta yi duhu don ba rini. Abin da ake ta yi wa kabbara ba DNA ba ne, sabulun Inna ne.

Wani zai ce ya aka yi Malam bai gano ba. Ai duba saiwar da ba a sa wa rini ba shi ne abu na farko da ya kamata a yi, don tsiro ko ba sabulu yakan yi ɗan haskensa na kansa, rinin ba ya zama hujja sai ka san abin da ke haske kafin ka ɗiga shi. Amma maikuroskof ɗaya ne a sashen gaba ɗaya, sai an tayar da janareta, kowa ɗan lokaci kaɗan ake ba shi, duk sai muka tsallake wannan matakin, har da ni. Kuma wanda ya ga abin da yake so ya gani, wa zai ce masa ya sake dubawa?

Yanzu ga inda nake jin kunyar kaina. Da na ga sulaid ɗin nan ya haska ba rini, ba innalillahi na ce ba. Dariya na yi, ni kaɗai a ɗakin duhu, har da buga tebur. Wani sanyi na ji a ƙirjina wanda na daɗe ban ji ba. Sai da na fito rana ta dake ni sannan na tuna wannan fa yaron da muka tashi a tabarma ɗaya ne, wanda in muna kan babur a hanyar daji yake cewa Yaya in wani abu ya faru kai ka gudu kar ka tsaya mini.

Na same shi a ɗakinsa na ce masa ya taɓa duba saiwarsa ba rini kuwa? Da farko ya ɗauka wasan taubasai ne, ya ce in ina son ya ara mini hoto ɗaya in sa a aikina in faɗa kawai. Da ya ga fuskata ba wasa sai ya canza. Ya ce rinin nan duniya gaba ɗaya da shi take aiki, ba a kaina za a fara gano ba shi da inganci ba. Na ce ban ce rinin ba shi da inganci ba, cewa na yi ba duk abin da ya yi shuɗi ne DNA ba, ya zo mu je in nuna masa. Ya ƙi. Ya tambaye ni da izinin wa na taɓa masa kaya a firji, ya ce dama ya daɗe yana lura da ni, tun ranar da Malam ya yabe shi ban sake kallonsa da ido mai kyau ba, ya ce tun muna yara nake jin haushin yadda Inna ke yi da shi, in fito fili in ce hassada ce. Na ce masa eh ina jin haushi, kuma jin haushina ba shi ya sa saiwarka haske ba. Muka yi baram-baram. Abu ɗaya ne ban faɗa masa ba, ban ce masa sabulun Inna ne ba. Ya zo bakina na haɗiye, domin na san shi, a ranar zai kira gida ya zazzage mata komai.

Ai kuwa ya kira, ya ce mata ina neman in ɓata masa aiki. Inna ba ta ce mini komai ba, dama ba ta cewa. Ƙanwata ce ta faɗa mini wai ta yi kwana biyu ba ta da walwala, tana cewa ita ba ta san abin da ya shiga tsakanin 'ya'yanta ba, wai ko don na ga nawa bai yi kyau ba ne.

Kar wani ya fahimce ni ba daidai ba, ban ce ruwan kududdufan nan lafiyayye ne ba. Kowa a yankinmu ya san abin da dalma ta yi wa yara a garuruwan haƙar zinari. Abin da nake cewa hotunan Bashar ba su ne hujjar ba. Kuma a taron da zai je akwai mutanen da suka tsufa a kan maikuroskof, mutum ɗaya ya ɗaga hannu ya ce ina wanda ba a rina ba, shi ke nan an gama da shi a gaban jama'a, gurbin karatun ya tafi, sunan Malam ya ɓaci. In kuma ba wanda ya tambaya, to ya wuce ke nan da aikin da na san ba gaskiya ba ne, ni kuma in zauna a matsayin wanda hannunsa bai faɗa ba. Duk biyun ina tunaninsu, kuma ku yi mini uzuri, wani lokacin na farkon nake fata.

Abin da ya sa na kasa haƙuri na rubuto shi ne abin da ya faru makon jiya. Malam ya ce ya ba ni dama ta ƙarshe, in je in sake gwajin, in sakamakona bai yi kusa da na Bashar ba zai cire ni daga aikin in nemi wani daga farko. Na tafi gida ni kaɗai. Na bar kwalabena a shago na hau babur na tafi ɗebo ruwa. Da na dawo da la'asar, ina shiga gida na gan su a tsakar gida, an kife su a kan tabarma a jere, suna ƙyalli, ƙamshin sabulun har zaure. Inna, wadda rabonta da taka ƙofar shagona tun ina sakandare, ita ta shiga da kanta ta kwaso su. Tana bakin murhu ta ba ni baya, ba ta juyo ba, sai ta ɗaga murya yadda zan ji ta ce wa ƙanwata: "Ki ce mishi na wanke mishi nashi, ko Allah ya sa nashi ma shi haska awa na ƙane nai."

Wallahi ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Tun ina yaro nake jiran ranar da matar nan za ta yi mini wani abu da hannunta a gaban mutane, ba ta bakin kowa ba, sai ga shi ta yi, kuma abin da ta yi ɗin shi ne dai abin da ya ɓata aikin Bashar. Ashe nawa sakamakon ya fito daidai ne kawai don ni ba a wanke mini. Na durƙusa na ce na gode Inna, ta yi kamar ba ta ji ba, amma na ga gefen fuskarta tana murmushi.

Yanzu na dawo makaranta, kwalaben suna nan tare da ni, ban ɗauraye su ba, ban kuma zuba musu ruwa ba. In na dasa albasa a cikinsu yadda suke, na san abin da zai fito: nawa zai haska, Malam ya ce hannuna ya faɗa, sakamakona ya ƙarfafa na Bashar, mu gama tare, Inna ta ce addu'arta ce, kuma ƙarya ta zama biyu. In na je wajen Malam da gaskiya, dole in faɗi daga ina shuɗin ya fito, Bashar ya rasa tafiyarsa ta hannuna, garin Gummi gaba ɗaya ya ce ɗan fari ya yi wa maraya hassada, kuma ba zan iya rantsuwa cewa babu ita a ciki ba. Mafi muni, magana za ta koma gida, Inna ta ji cewa wankin da take yi don ƙauna shi ya rusa yaron da ta raina, a daidai lokacin da ta fara yi mini nawa.

Don Allah masu ilimin addini da waɗanda suka san aikin lab, da ma iyaye mata da ke nan, ku faɗa mini. In sake komawa wajen Bashar in faɗa masa maganar sabulun ko da zai kai wa Inna? In wuce shi in je wajen Malam kai tsaye? Gaskiyar da mutum ya faɗa yana jin daɗin faɗarta saboda kishi, tana nan a matsayin gaskiya ko ta zama zunubi? Taron ya matso, albasar da na saya har ta fara tsiro a leda. Ɗazu ƙanwata ta kira ni, wai Inna ta ce a tambayi na shago ko nasa ya haska, na ce mata netwok ba kyau zan kira anjima. Me zan ce mata?